Aminiyata ta ce na sayar da wahalarmu na sayi aiki

Assalamu alaikum Anti. Daga Birnin Kebbi nake rubuto miki. Shekaruna 26, na karanta ilimin zamantakewa, na gama bautar ƙasa bara. Lokacin dogon yajin aikin ASUU na 2022, da zaman gida ya ishe mu, ni da aminiyata, wadda muka yi shekara huɗu a ɗaki ɗaya a makaranta, da wasu ƙawayenmu uku, muka fara koya wa yara mata 'yan talla karatu da lissafi a zauren wani dattijo a unguwarsu. Da yara 9 muka fara, yanzu sun kai 42. Sauran ukun aure da aiki sun ɗauke su, mu biyu muka rage.

Kwanakin baya wata ƙungiyar agaji ta fitar da tallar aikin yaƙi da tamowa, dukanmu muka nema. Malamar da ta duba min kundin kammala karatu ta tsaya min, aka ɗauke ni kwantiragin shekara ɗaya a yankin Yawuri. Ita ko intabiyu ba a kira ta ba. Tun ranar ta daina ɗaga wayata. Ta turo min saƙo cewa da labarin ajinmu da hotunan yaran na sayi aikin, kuma hanya ce kawai na samu. Ta ce da ina da amana da na tsaya mun yi wa ƙungiyarmu rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, mun nemi tallafi tare. Akwai naira 186,000 na gudummawar jama'a a asusuna. Baba kuma ya ce aikin shekara ɗaya ba aiki ba ne, in jira na gwamnati. Anti, in tafi ko in zauna? Wallahi na rasa gane ko na ci amana ne.

Ɗiyarki daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Ki tafi. Na fara da amsar ne don kada ki yi ta lalubenta cikin dogon bayani. Amma kada ki shiga motar Yawuri sai kin taka gidan aminiyarki da ƙafarki, domin a cikin maganganun da ta yaɓa miki cikin fushi akwai wadda ba ta da gaskiya a kai, akwai kuma wadda nake tsoron tana da ita.

Maganar hanya ce ba ta da gaskiya a kai. Hanya ita ce a ɗauki wanda bai iya komai ba a ɗora shi kan kujera saboda kawunsa ya buga waya. Abin da Malama ta yi miki sunansa shaida. Na sha zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata na irin waɗannan ƙungiyoyi, na san yadda abin yake tafiya. Talla ɗaya takan jawo takardu jibgi, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: kowa na da digiri, kowa ya ce yana da kishin al'umma. Bayan an tace, an yi jarrabawa, an yi intabiyu, sai a ɗauki waya a kira mutanen da mai nema ya rubuta cewa sun san shi. Babu mai tambayar darajar digiri a wannan wayar, tana nan a takarda. Abin da ake tambaya shi ne: in an ba ta kuɗin aike takan dawo da canji da rasit? In ta ce ƙarfe takwas, takwas ɗin ce? Kin taɓa ganin yadda take magana da yaro, ko da matar ƙauye da ba ta yi boko ba? In aka sake haɗa ku aiki za ki yarda? Malamar da ta yi watanni tana ganin shigarki da fitarki tana da abin faɗa a kan waɗannan. Kuma sunanta ta bayar jingina. In kika ba ta kunya, gobe ba za a karɓi shaidarta a kan wata ɗaliba ba. Saboda haka ki cire wannan daga ranki, abin da za ki riƙe shi ne ƙannenki na baya suna cikin wannan jinginar.

Yanzu ɗauko takardar neman aikin da kika tura, ki zauna ki karanta ta a natse. A inda kika kawo labarin zauren nan, me kika rubuta? "Na kafa" ko "mun kafa"? Ranar intabiyu, da aka ce ki ba da labarin ajin, sunan aminiyarki ya fito daga bakinki? Ba ki faɗa min ba a wasiƙarki, kuma wannan shirun naki ne ya sa na tsaya a nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in ba ki nawa labarin. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, mu huɗu muka buɗe ajin yaƙi da jahilci na matan ƙauyen da ke bayan makarantarmu, waɗanda ke shigowa sayar da fura da nono da karɓar wankau. Ɗaya daga cikinmu ita ce uwa da makarɓiya a aikin. Ita ke riga kowa zuwa bayan la'asar, ta share rumfa, ta shimfiɗa tabarmi, ta karɓi jaririn wata ta goya don uwar ta samu hannun riƙe fensir. Ta san wadda mijinta ya hana, ta san wadda idonta ba ya ganin allo sai an matso da ita gaba. Ni kuwa bakina ya fi nata sakewa da Turanci, shi ya sa da aka gayyace mu wani taron bita aka ce ni in je. Na tsaya gaban jama'a da lasifika a hannu na yi minti goma ina cewa na yi, na gani, na lura. Ban tashi da niyyar cutar kowa ba, tafin da ake yi ne ya ɗebe ni. Bayan wata biyu rahoton taron ya fito da hotona da sunana ni kaɗai, kuma a taron ne na haɗu da matar da ta ba ni aikina na farko. Ƙawata ta ga rahoton. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai janye jikinta, ni kuma na ce hassada ce na kama gabana. Shekara bakwai muka yi babu wata maganar kirki tsakaninmu. Sai ranar da na je mata gaisuwar rasuwar mahaifiyarta. Bayan mata sun watse, muna zaune a ɗaki tana ninke zannuwan mamaciyar, na ce ta yafe min. Ba ta ɗago kai ba ta ce: "Ni aikin da kika samu bai dame ni ba, Allah ne ya ba ki. Sau uku na karanta takardar nan ina neman sunana." Har gobe in na tuna wannan magana sai jikina ya yi sanyi.

To, in "na" kika rubuta, kin ɗauki haƙƙinta, kuma gyaran ba shi da wuya yanzu da abin bai yi tsatsa ba. Ki faɗa mata da bakinki cewa kin yi kuskure, kada ki haɗa da "amma". Ki gyara takardar. Makon farko a wurin aiki, in aka ce ki gabatar da kanki, ki ce ku biyar kuka fara kuma wance ce ke riƙe da ajin yanzu. In kuwa "mun" kika rubuta, kin fita daga laifi, sai dai ba ki fita daga haƙƙin zumunci ba. Ku biyu kun ci a tukunya ɗaya shekara huɗu, kun sha rana ɗaya a zauren nan, an kira ɗaya an bar ɗaya. Ko wace ce za ta ji zafi. Wanda ke cikin zafi kuwa yakan faɗi abin da ya fi abin da ke ransa nauyi, don haka kada ki ajiye saƙon nan nata kina maimaita karantawa.

Akwai kuma masu haƙƙi na uku da ku biyun duk ba ku ambata ba, yaran da ke cikin hotunan. Iyayensu sun san an tura fuskokin 'ya'yansu wani ofis? Yarinya 'yar shekara goma sha biyu da farantin talla a ka, an ɗauke ta hoto tana dariya don Anti ce ta ce ta yi, ba ta san hoton zai yi tafiyar da ita ba ta taɓa yi ba. A garuruwanmu hoton 'ya mace in ya fara yawo yana iya bin ta har ranar da za a zo neman aurenta. Ƙungiyar da za ki yi wa aiki, in ta kirki ce, cikin takardun farko da za ta sa ki sa wa hannu akwai dokar kare yara, wadda ta hana ɗaukar hoton yaro ko amfani da shi ba da yardar iyayensa ba. Ki fara aiki da dokar tun daga gida. Ki bi iyayen ki gaya musu abin da ya faru, duk hoton da ke Facebook ko WhatsApp wanda ba a nemi izini ba ku sauke shi, nan gaba kuma ku ɗauki allo da hannuwa da littattafai, ku bar fuska.

Don Allah da zumunci nake so ki shirya da aminiyarki, wannan ne gaba. Amma tunda wannan layin kika zaɓa, ya kamata ki san yadda yake. Kebbi ƙananan hukumomi 21 ce, masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma masu wannan aiki a cikinta duk sun san juna. Waɗanda kuka yi layin ɗiban ruwa tare a hostal, ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ne, ko Aliero, ko Waziri Umaru, ko Adamu Augie a Argungu, ko Ɗanfodiyo a Sakkwato, nan da shekara goma za ki tarar sun watsu cikin jihar: wannan ita ke riƙe da asibitin sha-ka-tafi na wani gari, wancan malamin gona ne, wannan shugabar firamare, wancan yana gidan rediyo, wata kuma tana gidan hakimi. Aikin raya al'umma ta ƙofa ake shigarsa, su kuwa su ne a bakin ƙofofin. Abin da suka sani game da ke a makaranta suka san shi: ko kin taɓa cin kuɗin ƙungiyar ɗalibai, ko kina cika alkawari, ko kin iya gaida mai shara.

Bayan ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar fadama a jihar nan, aiki ya kai mu wani ƙauye a ƙasar Argungu. Muka shimfiɗa takardunmu a gindin bishiya za mu fara ɗaukar sunaye. Wata tsohuwa da ke zaune kan turmi ta dube mu sama da ƙasa ta ce: "Ku ɗiyan boko, kullum kuna rubuta sunayenmu. Mi kunka taɓa kawo muna?" Wuri ya yi tsit, mata suka fara gyara goyo za su tashi. Wanda ya tsayar da su wani malamin gona ne da ya raka mu, ɗan ajinmu a jami'a, wanda ya daɗe yana shiga garin kan babur. Ya durƙusa gabanta ya ce: "Inna, wagga na san ta tun muna makaranta. In ba ta da abin ba ku, za ta faɗa muku ba ta da shi." Da wannan maganar aka zauna. Ni kuma na tashi na faɗa musu iyakar abin da muka zo da shi, wanda bai taka kara ya karya ba, da abin da ba mu da ikon yi. Shekarun da ya yi yana kallona a aji su ya ara min a ranar.

Haka kuma abokiyar ɗakina, Badakkara ce Kirista daga ƙasar Zuru. Zangon farko kowa na kaffa-kaffa da kowa. Da azumi ya zo, ita ke tashina sahur in ta farka karatun dare. Shekaru bayan haka da aiki ya kai ni ƙauyukansu, ita ta koya min gaisuwa da harshensu, ta ce kada in kuskura in sa taro lokacin bikin Uhola, ta kuma kira kawunta ya shige mana gaba. Babu laccar da ta koya min wannan. Ke ma a Yawuri za ki haɗu da Gungawa da Kambari da Sarkawa masu kamun kifi, kowa da yarensa da abin da yake ɗauka raini. Ki duba cikin 'yan ajinku wa ya fito daga can, ki neme shi tun kafin ki tafi.

Batun rajista a CAC, aminiyarki na da kyakkyawar niyya amma lokacin bai yi ba. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, sai kun fitar da amintattu, kun rubuta kundin tsarin mulkin ƙungiya, kun buga sanarwa a jaridu biyu, kun jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan an ba ku satifiket, banki zai nemi takardar SCUML, ofishin da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram, sannan kuna da nauyin kai rahoton kuɗi a kai a kai. Kuɗin da ke hannunku zai iya ƙarewa a wannan zirga-zirgar, ya bar ku da satifiket a bango babu alli a zaure. Kuma satifiket ba ya kiran kuɗi. Masu ba da tallafi sukan fara da tambayar nawa kuka taɓa riƙewa, wa ya binciki littafinku, ina rahoton shekarun baya. Ga shi kasuwar ma ta canza. Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, aka kuma rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a watan Yulin shekarar, ayyuka da dama sun tsaya, kuma Kebbi na cikin jihohin da hukumar ta daɗe tana tallafa wa a fannin lafiya. Na san mutane masu gogewar shekaru da suka koma gida suka zauna. A irin wannan lokaci samun gurbi ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ban yi jinkirin cewa ki tafi ba.

Dubi maƙwabtanmu na Zamfara. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a wasu ƙauyuka, aka bar ƙauyen Bagega yana jiran kuɗin gwamnatin tarayya, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuwa ba za su iya fara yi wa yara magani ba sai an tsabtace garin, don in an yi ma gubar za su koma shaƙa. A 2012 wasu matasa biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara yunƙurin bin diddigin kuɗi da suka kira Follow The Money, suka haɗa murya da sauran masu matsa lamba, har aka saki kuɗin a farkon 2013 aka yi aikin. Jarinsu shi ne sanin inda kuɗin ya maƙale, da wanda za a matsa wa, da sahihin bayani daga bakin mutanen garin. Wannan sanin ne ku biyu ba ku da shi tukuna, kuma shi za ki je ki koyo a kan albashin wasu: yadda ake tsara kasafi, yadda ake cike takardun kashe kuɗi, yadda ake tattara bayanai da waya, yadda ake rubuta rahoton da mai ba da tallafi zai yarda da shi. Ki riƙa shiga ofishin mai kula da kuɗi kina tambaya ko da ba aikinki ba ne. Ki dawo da wannan zaure, a lokacin rajista za ta yi amfani.

Kafin nan, ajin yana buƙatar mai riƙo, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta taka kowane ƙauye da ƙafarta ba. Ta zaɓi dattawan mata ta karantar da su, ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, su kuma suka riƙa kai karatu garuruwansu suna jagorantar 'Yan Taru, wato mata masu neman ilimi. Ta rasu a 1864, tsarin bai mutu da ita ba. Ajin da ba zai iya yin shekara ɗaya babu ke ba, da sauransa. A cikin yara 42 ɗin nan babu shakka akwai biyu ko uku da suka yi nisa, ku fara ba su ƙananan su riƙa bita da su. Ku je makarantarku ku nemi ɗalibai biyu masu tasowa su riƙa zuwa, ta hannun Malama ko ta hannun ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta 'yan garinku. Shugabanci kuma ki miƙa wa aminiyarki shi gaba ɗaya, ba riƙon ƙwarya ba. Unguwarsu ce, ita iyayen suka sani.

Sai kuɗi, kuma a nan zan ɗan ɗaga murya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe-goben nan ki je banki a buga miki bayanin asusunki tun daga ranar da gudummawar farko ta shigo. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ki rubuta abin da ya shigo da sunan wanda ya bayar, da abin da ya fita da abin da aka saya, har kuɗin alli. In akwai naira ɗari biyar da kika kasa tuna inda ta shiga, ki cike daga aljihunki ki rubuta cewa kin cike. Sannan ku zauna ke da ita da dattijon mai zaure da iyaye mata biyu, a karanta a gabansu, a ƙirga, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Daga nan ku je sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ku yi rajistar ƙungiyar unguwa, wadda ta fi ta CAC sauƙi nesa ba kusa ba, ku nemi buɗe asusu da sunan ƙungiyar wanda ba a cire ko sisi sai mutum biyu sun sa hannu. Na ga amincin shekara ashirin ya rushe a kan kuɗin da bai kai naku ba, ba don wani ya ci ba, don dai babu takarda. Kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya shi ne tsagewar bangon da ƙadangare ke jira. In kina son ci gaba da sa hannu a ajin, ki yanke abin da za ki iya bayarwa duk wata daga albashinki, kaɗan wanda ba zai yanke ba, ya shiga wancan asusun.

Baba kuwa, aikin gwamnati yake faɗa da baki, amma ina jin abin da ke ransa ya wuce nan. Uba ne da ya ji labarin ɗaliban da aka sace a makarantar Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, ya ji na jirgin ruwan da ya nutse da mutanen Warra a watan Mayun shekarar. Kada ki yi masa gardama. Ki kai masa takardar ɗaukar aikin ya gani, ki roƙi Malama ta zo ta gaishe shi, ki nuna masa gidan da za ki sauka da sunan babban da zai zama idonsa a can. Ki tambayi ƙungiyar ƙa'idarta ta tsaro a rubuce: ƙauyukan da ba a shiga, lokacin da dole mota ta dawo gida, wanda ake kira in wani abu ya faru. Jirgin ruwa kuma kada ki sa ƙafa sai da rigar kariya, ko da kowa zai yi miki dariya. Ki gaya wa Baba aikin nan bai hana ki cike na gwamnati in an buɗe ba. Yana da gaskiya cewa kwantiragi na ƙarewa, don haka ki riƙa ajiye kashi ɗaya cikin uku na albashinki tun daga watan farko.

Aikin kansa zai taɓa miki zuciya, ki shirya. Za a ba ki wani ɗan tef mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da shi. In ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Za ki riƙe hannun da bai fi kaurin yatsunki biyu ba, uwar tana kallon fuskarki tana son ta karanta amsa. A irin wannan yammacin za ki so wadda za ki kira ki yi wa kuka, wadda ta san ki tun kina cin garin kwaki da ƙuli a ɗakin makaranta. Shugabanki a ofis ba zai zama wannan ba.

Saboda haka ki je gidan su aminiyarki, kada ki tura saƙo, kada ki aiki kowa. Ki fara gaida mahaifiyarta, sannan ki nemi ku keɓe. Ki tafi da littafin kuɗin da takardar neman aikin, ki ajiye su gabanta ta karanta da idonta. Ki bar ta ta faɗi duk abin da ke cikinta, kada ki katse ta. In ta huce, ki ce kina so ku je wurin Malama tare, ta duba takardar aminiyar taki ta ga abin da ya hana a kira ta, domin sau da yawa wanda ya fi aiki shi ya fi kasa rubuta abin da ya yi. Duk tallar aikin da kika gani a can ki turo mata, in an tambaye ki wa kika sani ki ambace ta. Mai yiwuwa ba za ta sake miki fuska a ranar ba. Ki koma kafin ki tafi, ki sake komawa duk ƙarshen watan da kika biyo hanyar Koko da Jega kika zo gida.

Ranar da za ki yi sallama da yaran, ki yi ta a zauren, ita tana tsaye kusa da ke. Ki gaya musu inda za ki, da watan da za ki leƙo su, ki kuma ce daga yau Antinsu ga ta nan, ki miƙa mata rajistar sunayensu a gabansu. In kin sauka Yawuri kin natsu, ki rubuto min yadda kuka yi da ita. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka.

Antinki